Ɗan ƙwadagon da ya koma aji yana dab da shekara 40

Jama'a, 'yan jarida suna kiran wasan golf ƙwallon lambu, kuma sunan yakan ba ni dariya. Mu a Kura da Bunkure mu ne 'yan lambu na ainihi, tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ruwa ya biyo kanal ya iso Kadawa. Amma ka tsayar da mutum goma a Kwanar Gafan ka tambaye su yadda ake buga ƙwallon lambu, za su ɗauka zolaya kake yi.

To me ya kawo ni maganarsa? Wani ɗan yayana ne. Shekararsa 24, ya bar makaranta a aji uku na ƙaramar sakandare, yanzu tsinkar tumatur yake yi da lodin kwanduna. Ran Juma'a na ce masa ya zo mu nema masa hanyar rubuta jarabawar kammala sakandare ta masu zaman kansu. Ya yi murmushi ya ce, "Kawu, ni ai na wuce. In zauna aji da gemu?" Tun ranar nake tuno wani Ba'amurke baƙar fata mai suna Calvin Peete.

An haifi Peete a Detroit a 1943, a gidan talakawa mai 'ya'ya da yawa. Yana yaro ya faɗo daga bishiya ya karye a gwiwar hannun hagu, ɗorin bai yi kyau ba, hannun bai ƙara miƙewa sosai ba har ya koma ga Allah. Daga baya ya koma wurin mahaifinsa a Pahokee, garin manoma a jihar Florida. Ya bar makaranta a kwatankwacin aji biyu na ƙaramar sakandarenmu, ya shiga gona yana tsinkar kayan lambu ana biyansa lada. Da ya gaji da duƙe sai ya kama koli: ya cika mota da tufafi da sarƙoƙi yana bin 'yan ci-rani gona-gona, daga Florida har arewacin jihar New York. Wanda ya san masu kawo gwanjo bakin gona ranar biyan kuɗi ya san sana'ar.

Bai taɓa riƙe sandar golf ba sai a 1966, yana da shekara 23, lokacin da abokai suka ja shi wani fili a Rochester. Filin gwamnati ne, kowa na iya biyan kuɗi kaɗan ya shiga. Ku riƙe wannan. Ya koya wa kansa da littattafai da naci, ya faɗi gwajin shiga rukunin ƙwararru sau biyu, a na uku a 1975 ya haye. Kofinsa na farko ya zo a Milwaukee a 1979. A 1982 kaɗai ya ci huɗu. Jimilla ya ci 12, ciki har da babbar gasar Players ta 1985, kuma babu baƙar fatar da ya kai wannan adadi sai da Tiger Woods ya zo. Shekara goma a jere, daga 1981 zuwa 1990, babu wanda ya fi shi saitin bugun farko, da wannan lanƙwasasshen hannun. Ya rasu a 2015.

Amma ni wallahi ba kofunan ne suka fi taɓa ni ba. Domin ya samu shiga tawagar Amurka a gasar Ryder, inda ake karawa da Turai, ƙa'ida ta buƙaci takardar kammala sakandare, shi kuwa ba shi da ita. Mutum mai kuɗi, mai suna, yana dab da shekara 40, ya ɗauko littafi ya yi karatu, ya zauna jarabawar manya a 1982 ya ci. Ya buga wa ƙasarsa a 1983 da 1985.

Na san wani zai ce, Malam, Amurka daban, Kura daban. Gaskiya ne. Ban ce kowane mai tsinkar tumatur zakara ne a ɓoye ba, kuma ba na ganin laifin uban da ya janye ɗansa zuwa gona, domin shinkafa ba ta jiran a tashi daga makaranta. Abin da nake cewa shi ne, sau biyu Peete ya makara, sau biyu ya tarar da ƙofa a buɗe: fili na kowa da kowa, da jarabawar da ba ta tambayi shekarunsa ba. Mu kuwa mun saba yanke wa yaro hukunci tun yana ɗan 15. Wanda bai gama ba shi ke nan, an rufe babinsa, har shi ma ya yarda.

Abin takaicin, ƙofar tana nan a Kano. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, har UNESCO ta karrama ta. WAEC da NECO duk suna da jarabawar masu zaman kansu, ba ruwansu da gemu. Sai dai ta NECO tana faɗowa ne a Nuwamba da Disamba, daidai lokacin da ake yankan shinkafa ana shirin shuka alkama da dashen tumatur, lokacin da ɗan ƙwadago yake samun kuɗin shekararsa. Ga kuɗin rajista, ga kunya, wadda ta fi duka nauyi.

Shi ya sa nake roƙon ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da na masu casar shinkafa a Kura: kuna tara kuɗi don yashe kanal, ku ware wani abu don ajin dare bayan Isha'i, a aro aji ɗaya a firamaren unguwa, a fara tun Afrilu da zarar an kwashe amfanin rani. Malamai masu ritaya muna da su. Ni zan ɗauki Turanci da lissafi dare biyu a mako, ba ko kwabo.

Ɗan yayan nawa na tura masa hoton Peete a waya. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya tambaye ni nawa ne kuɗin rajistar. Na ce in an gama lodin Asabar ya same ni a gida.