ZAUREN 'YAN MATA: Fim Ɗin Da Na Yi Wata 16 Ina Jira

  

Yau dai ba zancen samari za mu yi ba, ba kuma na girki ba, kada wata ta turo min baki. 'Yar yayata ce ta jawo wannan hira. Ta zo mana hutu, tun da ta ga tallan wani sabon fim na sararin samaniya da ba a kai ga saki ba, shi ke nan ba mu da sakat a gidan. Safe da yamma tana maƙale da waya tana sauraron wasu ƙarti a YouTube suna fashin baƙi a kan tallan da bai wuce minti 2 ba, wai wancan shi ne mugun, waccan kuma mutuwa za ta yi. Na ce mata, "Ke 'yar nan, in kin cinye tuwon tun yana tukunya, me za ki ci in an kwashe?" Sai ta yatsina fuska ta ce, "Anti ai ba za ki gane ba." Oh ni! Wai ni ce ba zan gane ba.

A watan Disamba na 2013 ina aji 2 na babbar sakandare, Yayanmu ya dawo hutu daga jami'a, ya kira ni ya ce in zo in ga wani abu a wayarsa. Tallan fim ne mai suna Interstellar. Wallahi babu wani abin a zo a gani a ciki: tsofaffin hotunan jiragen da suka tafi wata, sai gonar masara, sai wani bawan Allah yana tuƙa mota idanunsa cike da ƙwalla, can nesa kuma roka ta tashi sama. A ƙarshe suka rubuta wai sai nan da shekara guda. Na ce, "Yaya, to meye labarin?" Ya ce babu wanda ya sani. Na ce to a wane littafi aka ɗauko? Ya ce babu. Na ɗaya fa, ina yake? Ya yi dariya ya ce shi ne na ɗaya, shi ne na ƙarshe.

Ku da kuke karanta littattafanmu na soyayya kun san zafin a kai ki daidai inda ango ya ɗaga mayafi, sai ki ga an rubuta mu haɗu a littafi na 2. Kullum kina zarya shagon mai haya kina tambaya ko ya fito. Amma fa wannan jiran da sauƙi, don kin san jarumar, kin san kishiyar, har kin zaɓi wadda za ki tsana. Jiran labarin da ba a taɓa ba da shi ba daban ne. Ba ki da komai a hannu sai zato. Ni kuwa na yi zato har na gaji, na tsara wa mutumin nan mai kuka labari ya fi kala 10, kuma duk a cikinsu budurwarsa ce ta yaudare shi. Kun ga illar karatun soyayya da yawa ke nan.

Mai fim ɗin, Christopher Nolan, mutum ne mai zurfin ciki. Ko lokacin da ake ɗauka, da wani suna na bogi aka riƙa kiran aikin, Flora's Letter, don kada a gane, Flora kuwa sunan 'yarsa ne. Ɗan abin da Yaya yake tsinto min a intanet shi nake lallaɓawa kamar alewa: cewa ƙaninsa Jonathan ne ya fara rubuta labarin, da farko ma Steven Spielberg ne zai ba da umarni, cewa sun shuka masara eka 500 a Kanada don kawai a ɗauki gona ta gaske, daga baya suka sayar har da riba, cewa akwai wani malamin kimiyya, Kip Thorne, da yake tsaye a kansu kada su shirga ƙarya. Malamin nan ba wasa ba ne, a 2017 ya samu kyautar Nobel.

To akwai abin da ban faɗa muku ba. Wata 4 kafin in ga tallan nan, Babanmu ya tafi Jidda neman kuɗi. Kasuwa ta karye masa, ga bashi, ga mu mu 7. Amma ni a lokacin ina ruwana da wannan lissafi? Abin da na sani kawai, saura sati 2 a yi saukarmu ta Alƙur'ani ya sa ƙafa ya tafi, bayan ya yi min alkawari da bakinsa shi zai zauna a sahun gaba. Ranar tafiyar na shige ɗakin Umma na murɗa mukulli. Ya ƙwanƙwasa sau 3 yana kiran sunana, na yi gum. Ina jin ƙarar ɗan sahun da ya ɗauke shi har ta ɓace. Bayan nan duk Juma'a in ya bugo waya aka miƙo min, "Ina wuni Baba, lafiya lau," sai in miƙa wa ƙanina. Haka na yi ta yi, kan nan nawa kamar dutse.

Fim ya fito a Nuwamba 2014. Mu da ba mu da sinima a kusa, kuma ko da akwai wa zai bar budurwa ta je, sai muka ci gaba da jira. Yaya ya gani a Abuja, ya dawo ya ƙi ce min uffan. Na yi magiya, na yi fushi, har wankin kayansa na yi masa kyauta. Ya ce, "Ki bari ki gani da idonki." A lokacin na ce mugunta ce.

Sai a Afrilu 2015 faifan ya shigo hannunmu. Fim ne mai tsawo, awa 2 da minti 49, ga Turancinsu a cikin hanci, Yaya na gefe yana yi mana tafinta. Ashe babu budurwa babu yaudara. Uba ne da 'yarsa. Duniya ta lalace, ƙura ta rufe ko'ina, amfanin gona yana mutuwa, aka nemi Cooper, tsohon matuƙin jirgi, ya tafi neman wa 'yan Adam wata duniyar. 'Yarsa Murph mai shekara 10 ta ce kada ya tafi. Ya ba ta agogo, ta yi jifa da shi, ta juya masa baya, ta ƙi yi masa sallama. Kukan nan da na gani a talla, wanda na yi wata 16 ina yi wa fassara, ashe kukan uban da ya bar gida ne 'yarsa ba ta ce masa a sauka lafiya ba.

Na ji kamar an watsa min ruwan sanyi. Na saci kallon Umma, na ga ita ma ni take kallo.

Bari in ɗan yi muku kimiyyar, don tana da daɗi. Einstein ya nuna cewa lokaci ba gudu ɗaya yake yi a ko'ina ba. Inda ƙarfin jan abu ya yi tsanani, kamar kusa da abin da ake kira baƙin rami, agogo yana tafiyar hawainiya. Su Cooper sun sauka a wata duniya mai ruwa kusa da irin wannan rami, inda awa 1 take daidai da shekara 7 a nan. Suka samu matsala suka ɗan jima, ko da suka koma jirgi shekara 23 ta wuce. Ya zauna yana kallon saƙonnin bidiyo da suka taru, ɗansa ya girma a gaban idonsa cikin 'yan mintuna, har ya yi aure ya haihu. Ita kuwa Murph shiru, ba ta aiko komai ba, sai can a ƙarshe ta bayyana, ta zama babbar mace, shekarunta sun kai nasa na ranar da ya tafi.

Daidai nan aka ɗauke wuta. Kowa ya hau tsaki, ni kuwa na gode wa duhun, don babu wanda ya ga fuskata. Ban jira Juma'a ba. Na ɗauki wayar Umma na fita tsakar gida, katin da ke ciki bai fi na minti 3 ba. Da ya ɗauka na ce, "Baba, ni ce." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Uwata, lafiya dai ko?" Na kasa cewa komai sai kuka, shi kuma yana ta faɗin ya isa, ya isa, har katin ya ƙare.

Daga baya na ji cewa ko mai kiɗan fim ɗin, Hans Zimmer, ba a gaya masa labarin sararin samaniya ne ba. Takarda 1 Nolan ya ba shi a kan uba da zai bar ɗansa saboda aiki, ya ce ya yi kiɗa a kai. Kuma a rubutun farko Murph namiji ne, Nolan ya mayar da shi mace. Da an bar shi namiji, anya da abin ya taɓa ni haka?

Ƙarshen fim ɗin kam ba za ku ji daga bakina ba, halin Yaya na ɗauko. Baba ya dawo a 2016, gemunsa ya yi fari fat, a cikin tsarabata har da agogon hannu, shi da bai taɓa jin sunan fim ɗin ba. 'Yar yayata kuma mun yi yarjejeniya: za ta daina bin masu fashin baƙin nan, ni kuma ranar da nata fim ɗin ya fito ni zan biya kuɗin shiga, har da gugguru. Jiya dai na kama ta a bayan ƙofar kicin da abin ji a kunne.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Ku gaida min su Umma.