Murfin tanki ya ƙi buɗewa: kada a kira wuta ta raba gardama

Wata safiya a watan Janairu na shiga motar kasuwa daga Magarya zan je wani ƙauye a wajen Dungas. Sanyi ya kankama, ƙura ta rufe ko'ina, kowa ya naɗe kai da rawani ko gyale. Da muka yi ɗan nisa direba ya tsaya bakin hanya wajen masu sayar da mai a kwalba. Ya sa makulli a murfin tanki, murfi ya ce bai san zancen ba. Ya murɗa, ya buga, shiru. Sai yaron motar, wanda bai wuce shekara 15 ba, ya ruga wajen da yara ke jin ɗumi, ya zaro kara mai ci da wuta, wai sanyi ne ya kama murfin, bari ya ɗan gasa shi. Wani dattijo da ke kusa ne ya yi wuf ya buge karan daga hannunsa. Tsakanin wutar da teburin kwalaben mai bai fi taku uku ba, mu kuma muna cike da mota har da masu goyo.

Tun ranar abin yake damuna, domin yaron ya shaida mini ya yi makaranta har aji shida. Wato ya bi ta hannun irinmu, amma ya fito bai san cewa mai da wuta ba sa gaisawa ko daga nesa ba.

Mu fara da gyara fahimta. A ƙasashen ƙanƙara irin su Kanada da Rasha, gaskiya ne ƴar ƙofar tankin mota takan daskare. Ruwa ne ke shiga gefenta, in sanyi ya kai digiri 0 sai ya zama ƙanƙara ya liƙe ta. Can ma ba wanda ke kai mata wuta: dannawa ake yi da tafin hannu a kewayenta har ƙanƙarar ta tsage, ko a zuba ruwa mai ɗumi. Mu a ƙasar Damagaram sanyin asubar hunturu yakan tsaya wajen digiri 15, wani lokaci ya sauka ƙasa da haka, amma bai kai na daskarar da ruwa ba. Abin da ke kama murfinmu ƙura ce. Iskar hunturu na kwaso ta daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta shiga ramin makulli da zaren murfi, ta gamu da maiƙo ta zama kamar taɓo. Wuta ba ta narkar da ƙura.

Maganin kuwa yana cikin jakar kowane ɗan makaranta. A kaɗe ƙurar da tsumma ko tsohon buroshin haƙori, a hura ramin makullin. A goga bakin fensir a jikin makullin har ya yi baƙi, domin garin fensir na sa ƙarfe ya yi santsi kuma ba ya tara ƙura kamar yadda mai ke yi. Sai a danna murfin ƙasa, a juya a hankali. Wanda ya sa ƙarfi, makulli zai karye a ciki, tafiyar minti biyar ta koma ta wuni guda. Motoci da yawa masu ƴar ƙofa suna da waya ko igiyar da ake ja daga cikin but idan ta maƙale. Masu babur kuma su sani murfin tankinsu na da ɗan ramin shan iska. In ƙura ta toshe shi mai ba ya sauka, babur ya dinga mutuwa a hanya, mai shi yana zargin an sayar masa da gurɓataccen mai.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne dalilin da ya sa wuta ba ta da wuri a nan. Tururin da ke tashi daga fetur shi ke kama wuta, kuma yana tashi ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili. Ya fi iska nauyi, don haka ba ya tafiya sama, ƙasa yake bi kamar ruwan da ido ba ya gani, har ya iske garwashi ko guntun taba. A hunturu kuma komai a bushe yake: dannin kara, rumfar zana, rumbun hatsi. Ba mu manta da tankar da ta kama wuta kusa da filin jirgin saman Yamai a watan Mayun 2019 ba, inda fiye da mutum 50 suka rasu, ko ta garin Majiya a jihar Jigawa maƙwabciyarmu a watan Oktoban 2024, wadda ta ci fiye da mutum 150. Allah ya jiƙansu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: malam, da wannan sana'ar muke ci. Ban musa ba. Muna bakin iyaka, sayar da mai a kwalba ya daɗe yana riƙe gidaje daga Magarya har Dancawo da Dogo-Dogo. Ko buɗe matatar SORAZ a Damagaram a 2011, ko cire tallafin mai da Najeriya ta yi a watan Mayun 2023, ba su raba ƙauyukanmu da kwalba ba, domin gidan mai ya yi wa mafi yawansu nisa. Ban ce a daina ba. Roƙona uku ne. Kada jarkar mai ta kwana a ɗakin da ake shigar da kaskon wuta. Kada a bar yara su hura wutar jin ɗumi kusa da teburin mai. Kada kuma a sa yaro ya zuƙo mai da tiyo a baki, domin ɗan kaɗan in ya faɗa huhu yana iya kisa.

Mu malamai kuma laifinmu ya fi girma. Tun muna makarantar horon malamai aka koya mana a fara darasi daga abin da yaro ya sani. Amma da mun shiga aji sai mu rubuta daskarewa da narkewa da tururi a allo da Faransanci, yara su haddace, su zuba mana a jarrabawa, su manta. Ga babur ɗinmu a gindin bishiyar makaranta, me zai hana mu fita da su minti goma? Mu tambaye su me ya sa ake jin warin mai tun kafin a iso teburin mai sayarwa. Mu gaya musu da Hausa cewa warin nan shi ne tururin, kuma duk inda hanci ya ji shi, ashana na iya tayar da gobara. Mu ba su makulli da fensir su gwada da hannunsu. Da yawa daga cikinsu gobe su ne ƴan kabu-kabu da yaran mota da masu sayar da mai, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ranar nan dattijon ne ya karɓi makullin, ya hure ramin, ya goge murfin da gefen rawaninsa, ya danna ya juya, murfi ya buɗe. Bai taɓa zama a aji ba, amma ya yi aikin da ya kamata a ce mu muka yi tun yaron yana gabanmu. Hunturun bana, kafin a tashi hutun ƙarshen Disamba, kowane malami ya ba wannan darasi sau ɗaya, kowane uba kuma ya duba inda jarkarsa ke kwana. Allah ya tsare mu da gobara.