Ɗumin cikin ƙaramin jirgi da gubar da ke biye da shi

Sanyin sama ba ruwansa da bazara: duk hawan mita 1,000, zafin iska na raguwa da kusan digiri 6.5. Don haka ƙaramin jirgin da ya tashi daga Yawunde ya nufi Garuwa, ko wanda ɗalibai ke koyon tuƙi da shi a kwalejin jiragen sama ta Zariya da aka kafa a 1964, yana bukatar ɗumi ko da 'yan unguwar Briqueterie ta Yawunde na fifita a ƙasa, balle da asubahin hunturu. Yawancin masu inji ɗaya daga bututun hayaƙi suke aron zafi: a kewaye shi da kwanon ƙarfe, iska ta ratsa tsakani ta ɗumama, ta shiga wurin zama. Akwai araha, amma 'yar tsaga a bututun ta isa ta shigo da gubar kabon monoksaid, marar wari marar launi, wadda ke kashe masu kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe. An sami gubar da yawa a jinin ɗan ƙwallo Emiliano Sala bayan jirgin da ya ɗauko shi ya faɗa teku a Janairun 2019. Masu inji biyu kan ɗauki na'urar da ke ƙona man jirgi don kanta, ita ma tana iya tsagewa. Wanda ruwa ke sanyaya injinsa, kamar Diamond DA42, daga ruwan yake ɗebo zafi, kuma ya fi aminci. Kowanne ne dai, jirgin da ba shi da na'urar gano guba bai kamata ya tashi ba.