Sanarwar Bayan Taron Manoma da Dillalan Hatsi Kan Wanda Za a Mara wa Baya a Zaɓen Fidda Gwani na Shugaban Ƙasa

Shugabannin rassan ƙungiyarmu ta manoma da dillalan hatsi daga jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Kaduna, Sakkwato, Kebbi da Zamfara sun yi zama na musamman a Funtuwa a farkon watan Yunin 2022. Magana ɗaya ce ta tara mu: wa za a mara wa baya a zaɓen fidda gwani na ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar APC, wanda aka ɗage zuwa ranakun 6 zuwa 8 ga wata a dandalin Eagle Square da ke Abuja. Ƙungiyarmu ba ta siyasa ba ce. A cikinta akwai 'yan APC, akwai 'yan PDP, akwai waɗanda suka bi Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso zuwa NNPP. Abin da ya sa zaman ya zama dole shi ne wasu mambobinmu suna cikin deliget ɗin da za su kaɗa ƙuri'a, kuma 'yan aiken masu neman takara sun hana ofisoshinmu sakat, kowa yana so a fito a ce manoma suna tare da maigidansa.

An buɗe taro da addu'a ga 'yan uwanmu da 'yan bindiga suka kashe a gonaki da kasuwanni da kan hanya, da kuma fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka sace ranar 28 ga Maris, waɗanda a lokacin taron yawancinsu suna daji.

Sakatare ya fara da bayanin yadda ƙuri'ar deliget ta yi tsada a 2022. Sashe na 84 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ce zaɓaɓɓun deliget kaɗai ne za su yi zaɓe. Majalisa ta yi wa sashen gyara don a maido da waɗanda muƙaminsu ke ba su ƙuri'a, irin su gwamnoni da 'yan majalisa, amma shugaban ƙasa bai sa hannu ba. Saboda haka APC za ta tafi da mutum uku-uku daga kowace ƙaramar hukuma, wato 2,322 daga ƙananan hukumomi 774. A wannan lissafi jihohinmu bakwai, masu ƙananan hukumomi 186, suna da 558, kuma babu shiyyar da ta kai su. Gwamna da kansa ba shi da ƙuri'a, amma mai sayar da masara a kasuwar Dandume yana da ita. Ɗaya daga cikin deliget ɗinmu ya ɗaga wayarsa ya nuna wa zaure kiran da ya shigo tun da aka zauna, lambobin da bai sani ba reras. Ya ce mutumin da ya yi shekara yana bin ofishinsa kan taki ba a bar shi ya wuce ƙofa ba, shi ne jiya da dare ya kira shi yana cewa "ranka ya daɗe, ya iyali?" Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba.

Taron ya duba abin da ya faru a zaɓen PDP na ranar 28 ga Mayu, inda Alhaji Atiku Abubakar ya samu ƙuri'a 371, Gwamna Nyesom Wike 237, Sanata Bukola Saraki 70, bayan Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya janye wa Atiku a cikin filin. Kafin a kai ga ƙuri'a Mohammed Hayatu-Deen ya fice daga takarar yana kukan an mai da ita cinikin kuɗi, jami'an EFCC kuma sun bayyana a wurin. Babu wanda ya yi zaton na APC zai fi tsabta don kawai sunan jam'iyya ya bambanta.

Matsaya ta farko, wadda kowa ya amince da ita: ƙungiya ba za ta ba kowane mai neman takara aron sunanta ba. Ba za mu kira 'yan jarida mu ɗaga hannun kowa ba, ba za mu karɓi kuɗin mota ko na ɗinkin anko don zuwa gangamin kowa ba. Dalili a bayyane yake. A watan Mayun 2022 jaridu suka cika da labarin cewa wasu ƙungiyoyi, har da ta manoman shinkafa, sun saya wa gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele fom na naira miliyan 100, wasu kuma da sunan makiyaya da almajirai sun saya wa tsohon shugaba Goodluck Jonathan, alhali ofishinsa ya ce bai aiki kowa ba. Miliyan 100 a farashin naira 5,500 da gwamnati ta sa wa buhun taki a 2017 ta haura buhu 18,000. Manomin da a daminar 2022 yake sayen taki da kwano saboda buhu ya fi ƙarfinsa, shi ake cewa ya yi karo-karo ya sayi fom. Duk wanda ya ga takarda ko ya ji sanarwa a rediyo cewa ƙungiyar nan ta tsayar da wane, ya sani ba daga gare mu ba ce, kuma reshen da ya yi haka za a dakatar da shugabanninsa.

Sai dai ƙin ɗaga hannu ba ya nufin mu bar deliget ɗinmu su tafi Abuja ba tare da sun ji bakinmu ba. A nan aka kai ruwa rana, musamman kan karɓa-karɓa.

Masu son tikitin ya tsaya a Arewa sun kawo hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce daga 1999 zuwa ƙarshen wa'adin Shugaba Muhammadu Buhari, Kudu ta yi shekara takwas ta Obasanjo da biyar da wani abu ta Jonathan, Arewa kuwa ta yi kusan uku ta marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da takwas ta Buhari, don haka har yanzu mu ne muke bin bashi. Sun ƙara da cewa tunda PDP ta tsayar da Atiku ɗan Adamawa, jam'iyyar da ta kai tikitinta Kudu tana iya rasa ƙuri'un Arewa. Sun ambaci shugaban majalisar dattawa Ahmad Lawan, wanda yake majalisar tarayya tun 1999, da Gwamna Muhammad Badaru Abubakar na Jigawa, wanda ya shugabanci kwamitin taki na shugaban ƙasa, ya kuma san harkar noma daga ciki.

Masu rinjaye ba su gamsu ba. Dattawa sun tuna cewa mu ne muka fi kowa kuka a 2010 da 2011 lokacin da aka taka tsarin karɓa-karɓa bayan rasuwar 'Yar'aduwa, har kwamitin Malam Adamu Ciroma ya fitar da Atiku a matsayin ɗan takarar Arewa, Jonathan ya kayar da shi. Abin da muka kira cin amana a wancan lokaci bai kamata mu ba shi wani suna yau ba don ya juyo wajenmu. Dillalai kuma sun yi magana da harshen kasuwa: tirelolinmu Mile 12 suke sauke kaya a Legas, da Bodija a Ibadan, da Onitsha da Fatakwal. Mun ga rikicin da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021, mun ga asarar da kowane ɓangare ya tafka da aka tsayar da kai abinci Kudu bayan haka. Duk abin da zai sa Kudu ta ji an yi mata wayo, direbobinmu da 'yan uwanmu mazauna can ne za su fara ɗanɗana shi.

Maganar da ta sa zauren ya yi tsit ta fito daga wani dattijo daga yammacin Katsina. Ya ce shekara bakwai ke nan ɗan jiharsu ne a kan mulki, kuma a cikin shekarun nan ne ƙauyensu ya fara tara kuɗi gida-gida ana kai wa mutanen daji kafin a yi shuka, a sake tarawa kafin a yi girbi. Gonarsa ta gado da ke bayan rafi ta zama saura, sai 'yar wadda ke jikin gari yake nomawa, ita ma da kunne ɗaya a kan ƙarar babur. Ya juya ga masu son ɗan Arewa ya ce, "'Ya'yana, ku gaya mini abin da zama ɗan gida ya tsare mini." Ba a samu mai amsa ba. Sauran wakilai suka bi da nasu: sace ɗalibai a Ƙanƙara, Jangebe, Tegina da Birnin Yawuri, kisan kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, da watannin da aka rufe kasuwannin mako aka katse layukan waya a Zamfara da sassan maƙwabtanta, hatsi ya rasa mai saye a inda yake, ya yi tsada a inda babu.

Don haka taron, da rinjaye, yana shawartar deliget ɗinsa su ba ɗan Kudu ƙuri'arsu. An rubuta ra'ayin waɗanda suka saɓa a littafin taro kamar yadda suka nema, kuma ba wanda za a hukunta a kansa.

Wane ne daga cikinsu? An tattauna uku da suka fi yawo a bakin mutane. Masu son Asiwaju Bola Tinubu sun ce halacci ne, ganin rawar da ya taka wajen haɗa APC a 2013 da nasarar 2015, kuma ya mulki Legas daga 1999 zuwa 2007 'yan kasuwarmu suna harkarsu. Masu son Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo sun tuna yadda ya riƙe ƙasa a 2017 lokacin jinyar shugaba, da rancen TraderMoni na naira 10,000 ga ƙananan 'yan kasuwa. Wasu suka ce duk abin da ake kuka da shi yana zaune aka yi. Masu son Rotimi Amaechi sun nuna layin dogo, musamman na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Aka amsa musu cewa a lokacin jirgin Kaduna a tsaye yake tun harin Maris. Babu wanda ya samu rinjayen da zai sa a ce ga shi.

Aka yanke cewa sakatariya za ta miƙa wa ofishin kowane mai neman takara tambayoyi, a nemi amsa a rubuce kafin deliget su shiga fili. Me zai yi a daminarsa ta farko don manomi ya koma gonar da ya gudu ya bari, kuma sulhu zai yi da 'yan bindiga ko yaƙi? Nawa yake ganin buhun taki ya kamata ya kai, kuma ta wace hanya zai iso ƙauye ba tare da ya bi ta hannun 'yan siyasa ba? Mene ne matsayinsa kan iyakoki? Wannan ta ƙarshe mu kanmu ba bakinmu ɗaya ba: manoman shinkafa na Kebbi da Jigawa sun ji daɗin rufewar Agustan 2019, dillalan Illela da Maigatari sun sha wuya har aka buɗe musu a Disamban 2020, na Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilun 2022. Abin da muka haɗu a kai shi ne kada a sake rufe iyaka dare ɗaya kayan mutane suna kan hanya. An ƙara tambayar lafiya, ga kowa ba tare da ware wani ba, domin ƙasar nan ta ga abin da doguwar jinyar shugaba take jawowa. Wanda bai amsa ba, deliget su ɗauki shirunsa a matsayin amsa.

Kan maslaha, taron ya ji roƙon da Shugaba Buhari ya yi wa gwamnonin APC ranar 31 ga Mayu cewa su ba shi goyon baya wajen fitar da magajinsa. Muna girmama shi, amma muna tuna wa shugabancin jam'iyya a ƙarƙashin Sanata Abdullahi Adamu cewa doka ta ce ba a yin maslaha sai kowane ɗan takarar da aka tantance ya amince a rubuce. In ba haka ba a koma ƙuri'a. Shi kansa Buhari ta akwati ya fito a Legas a Disamban 2014, da ƙuri'a 3,430, a gaban Kwankwaso da Atiku, bayan ya shaida wa deliget cewa ba shi da dalar da zai raba. Muna roƙon masu girma gwamnoninmu su ba deliget shawara in suna da ita, amma kada a tsare su a otal a karɓe wayoyinsu, kada kuma a tsaya a kan mutum yana rubuta suna. Wanda bai iya boko ba a bar shi ya zaɓi mai rubuta masa da kansa.

Batun kuɗi an yi shi ba ɓoye-ɓoye. Wasu matasa sun ce a karɓa, ai dukiyar jama'a ce ta dawo, sannan a zaɓi wanda zuciya ta kwanta da shi. Malaman da ke cikinmu suka ce ƙuri'a shaida ce, karɓar abu a kanta rashawa ce, karɓa da niyyar saɓawa kuma ta haɗa rashawa da yaudara. Taron ya bi malamai. Ba mu da ikon laluben aljihun kowa, kuma mun san halin da ake ciki. Abin da ke hannunmu shi ne wannan: kowane deliget ɗinmu, cikin mako biyu da dawowa, zai tsaya gaban reshensa ya faɗi wanda ya zaɓa da dalilinsa. Wanda ya ƙi, ko aka tabbatar ya sayar, ba zai sake riƙe muƙami a ƙungiyar nan ba.

Mambobinmu na PDP da NNPP sun nemi a kai wa 'yan takararsu tambayoyin nan iri ɗaya, an kuma amince. Za a sake zama bayan girbi don auna amsoshin duk jam'iyyu kafin babban zaɓen 25 ga Fabrairun 2023. Kafin nan, hukumar zaɓe ta INEC ta sa 30 ga Yuni a matsayin ranar rufe rajistar masu zaɓe. An umarci shugabannin rassa su bi mambobi, musamman mata da waɗanda rikici ya raba da garuruwansu, su yi rajista ko su nemi a sauya musu rumfa zuwa inda suke zaune yanzu, su kuma kawo wa sakatariya sunayen ƙauyukan da ma'aikatan rajista ba su iya shiga ba, don a kai wa hukumar.

Sa hannu:
Shugaban Ƙungiya
Babban Sakatare
A madadin shugabannin rassa na jihohi bakwai