Ba A Ba Kura Ajiyar Nama

'Yan siyasar Bangaladash sun san halin junansu sarai. Shi ya sa a 1996 suka sa a tsarin mulki cewa in zaɓen majalisa ya zo, gwamnati mai ci ta sauka, tsohon alƙalin alƙalai ya riƙe ƙasa kwana 90. A haka aka yi zaɓe a Yunin 1996 da kuma 2001, kuma duka biyun 'yan adawa ne suka lashe.

To amma a 2007 sojoji suka tsaya wa 'yan riƙon, kwana 90 ya koma kusan shekara biyu. Sheikh Hasina kuwa, wadda ta yi fafutikar kawo tsarin, ita ce ta soke shi a 2011 da mulki ya yi mata daɗi. A zaɓen 2014 kujeru 153 cikin 300 ba hamayya aka raba su. A 2024 matasa suka cika tituna, aka kashe ɗaruruwa, ta tsere Indiya.

Matasa su lura: azzalumi ba ya ƙidaya ƙuri'ar da za ta tsige shi, don haka gwamnatin riƙo abin nema ce. Amma ita ma sai an tsaya mata a kan wa'adinta, in ba haka ba mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.