Wai Baba Bai Bar Komai Ba? Mu Sake Lissafi



Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kamar yadda yawancinmu muka sani, mun rasa ɗaya daga cikin dattawan unguwar nan, tsohon soja kuma tsohon direba, wanda yaro da babba ke kira Baba. An yi jana'iza, an yi zaman makoki, an watse. Sai dai akwai maganar da ta riƙa yawo a tabarmar ta'aziyya, wadda muke ganin bai dace a bar ta ta wuce haka nan ba: "Allah sarki, duk wahalar da ya sha bai bar komai ba."

Mun san tausayi ne ya sa ake faɗin haka. Gidan da ya rasu a ciki na gado ne, ba shi da fili a sabuwar unguwa, kuma duk shekarun da ya yi riƙe da sitiyari babu mota ko ɗaya da sunansa. Amma mu a ƙungiyance muna ganin ma'aunin ne ya karkace. Idan gida da mota kaɗai za mu riƙa ƙirgawa a bayan mamaci, to muna koya wa 'ya'yanmu cewa riƙon amana asara ce.

Mu fara da kaki. An fara yaƙin basasar Nijeriya ranar 6 ga Yuli, 1967, aka gama a tsakiyar Janairun 1970. Kafin yaƙin sojan ƙasar nan bai wuce kimanin dubu 10 ba, amma lokacin da aka ajiye makamai ya kai wajen dubu 250. Daga ina aka samo wannan taron? Daga unguwanni irin tamu, samari 'yan shekara goma sha takwas zuwa ashirin, waɗanda wasunsu ko Jos ba su taɓa zuwa ba. Baba yana cikinsu. A can ya koyi tuƙi, yana jigilar abinci da harsashi zuwa bakin daga, yana dawowa da waɗanda suka ji rauni.

Ba shi ne farau ba a wannan hanya. A yaƙin duniya na biyu, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a dazukan Burma, kuma 'yan Arewa na da yawa a cikinsu. Da suka dawo, tuƙi da kanikancin da suka koya a soja su suka riƙe da yawansu. Kaɗan ne tarihi ya adana sunansu, irin su Chari Maigumeri wanda aka sa wa barikin soja na Lokoja sunansa. Sauran dubbai sun koma gida, sun tsufa, sun rasu, labarinsu ya bi su kabari.

Abin lura game da Baba shi ne ba ya alfahari da yaƙi. Idan samari suka ɗauki zancen ƙabilanci a majalisa, har wani ya ce gara a raba ƙasar kowa ya kama gabansa, sai ya tsawata musu, ya ce wanda ya taɓa ɗaukar gawar abokinsa a bayan mota ba ya yi wa fitina kirari. A gari irin Bauchi, inda muke da barikin Shadawanka da mutane daga kowane sashe na ƙasar nan, mutum ɗaya mai irin wannan baki ya fi wa'azin rediyo tasiri.

Sai batun sitiyari. Bayan ya ajiye kaki ya shiga tasha. Ya ga canjin hannu na ranar 2 ga Afrilu, 1972, lokacin da motoci suka bar hannun hagu suka koma dama. Ya ja Fijo 404 da 504, ya ja manyan motoci a zamanin da kamfanin Steyr ke harhaɗa su a nan Bauchi. Ya bi hanyar Kano ta Ningi da Birnin Kudu, ya bi ta Gombe ta Alkaleri, ya bi ta Maiduguri ta Darazo da Potiskum da Damaturu, har ya san kowace kwana da kowane rami. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa sai a 1988 aka kafa ta. Kafin nan abin da ya fi tsare direba shi ne tsoron Allah da tarbiyyar wanda ya koya masa.

Waɗanda suka yi masa yaran mota sun shaide shi. Bayan sallar asuba zai duba ruwa da baƙin mai da birki da iskar taya kafin fasinja ɗaya ya shiga. Ba ya ɗaukar lodin da ya fi ƙarfin mota ko ɗan kamasho zai yi fushi. In barci ya zo masa sai ya gangara gefen hanya ya rintsa, bai taɓa neman taimakon ƙwaya ba. Fasinja mai gaggawa yakan yi masa gunaguni, shi kuwa amsarsa ɗaya ce, sannu ba ta hana zuwa. Iyaye a unguwar nan sun sha damƙa masa 'ya'yansu 'yan makarantar kwana, 'yan kasuwa sun sha ba shi kuɗi a ƙulle ya kai Kano tun ba a san tura kuɗi ta waya ba, kuma ba mu taɓa jin an ce sisi ya yi ciwon kai ba.

Ku auna wannan da abin da muke gani yau. Yaron da bai cika shekara ashirin ba a ba shi Keke Napep ko bas da sharaɗin kawo balas kullum, babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa cewa rayukan mutane ya ɗauko. Kusan babu gidan da bai taɓa karɓar gaisuwar haɗarin mota ba. Direban da ya shekara talatin yana kai mutane gida lafiya ya bar mana abin da ba a rubuta shi a takardar gado: mutanen da suke raye a cikinmu yanzu haka.

A gida ma haka yake. An san sana'ar tuƙi da raba mutum da iyalinsa, har wasu kan ajiye mata a kowane zango su manta da na gida. Baba kuwa kafin ya yi doguwar tafiya sai ya auna hatsi ya bar kuɗin cefane, in ya dawo da tsarabarsa, dankali daga Jos, bandar kifi daga Maiduguri, har maƙwabta su samu. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, ya sa 'ya'yansa maza da mata a lokacin da wasu ke ɓoye nasu. Ya riƙe marayun wani abokinsa da bai dawo daga yaƙi ba har ya aurar da su. Kuɗin da wasu ke cewa bai tara ba, ga inda suka tafi.

Wani zai ce, to mun ji, amma kyakkyawar shaida za ta saya wa Inna magani? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma a kanmu take. Kowace shekara ranar 15 ga Janairu ana bikin tunawa da 'yan mazan jiya, a ajiye furanni, a saki tattabaru, a yi jawabi. Duk da haka mun sha ganin tsofaffin sojoji a labarai suna zanga-zanga a Abuja saboda haƙƙoƙinsu. Direban haya kuwa ko fansho ba shi da shi. Ranar da idonsa ya raunana ranar abincinsa ya tsaya. Kiran gwamnati wajibi ne kuma za mu ci gaba da yi, amma akwai abin da ba sai mun jira kowa ba.

Saboda haka muke gabatar da shawarwari uku ga taronmu na gaba. Na farko, a kafa ƙaramin kwamiti na masu ilimin boko a cikinmu da zai taimaki iyalan Baba da sauran matan tsofaffin sojoji wajen haɗa takardu, da bin sawun haƙƙinsu ta hannun ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion da hukumar fanshon soja. Sau da yawa takarda ɗaya da ta ɓata ke hana iyali abin da yake nasu. Na biyu, matasanmu su ɗauki wayoyinsu su zauna da dattawan da suka rage, tsofaffin sojoji da direbobi da ma'aikatan jirgin ƙasa da malaman makaranta, su naɗi labarinsu da izininsu, mu adana. Wanda ya shiga soja a 1967 yana ɗan shekara sha takwas yanzu ya haura saba'in da biyar, don haka lokaci ba ya jiranmu. Na uku, mu roƙi tsofaffin direbobinmu su riƙa zama da masu Keke da bas na unguwa ko sau ɗaya a wata, mu kuma mu ɗauki nauyin shayi da ɗan abin sa wa a aljihu.

Duk wanda ke da hoton Baba na da, ko wani labari nasa da ya sani, ya kawo wa sakatare. Wanda kuma ke bin sa bashi ko yake riƙe da amanarsa, ya tuntuɓi iyalansa.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya bai wa Inna da 'ya'ya da jikoki haƙurin rashi. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.

Sakatare, a madadin shugabannin ƙungiya.