ZAMAN GIDA: Yaron da Ke Kukan Kare



A wannan wata ina so in yi magana a kan wani abu da wasunku za su ce bai kai a ɓata takarda dominsa ba. Maganar kare ce. Ku yi haƙuri ku bi ni har ƙarshe.

Na taɓa kai ziyara wani gida a Funtua, gidan wani ɗan'uwa da ya yi ƙaura daga ƙauyensu a ƙasar Faskari. Muna cikin gaisawa sai uwargidan ta ce, "Baba, ka yi wa autanmu faɗa. Wata guda ke nan ba ya cin abinci sosai, wai kukan kare yake yi." Maigidan kuwa ya kawar da kai, ya ce shi abin har kunya yake ba shi. Mutane nawa aka binne? Gonaki nawa aka bari? Sa'an nan ɗansa ya zauna yana zub da hawaye saboda dabba!

Sunan karen Bar-su. Kun san yadda muke sa wa karnuka suna, rabi suna rabi habaici ga maƙwabta. Tun yana ɗan kwikwiyo yaron ya ɗauko shi cikin riga, tare suka girma. In za a gona yana gaba, in an tafi sujada ran Lahadi ya kwanta a gindin darbejiya har a tashi.

Wanda ke zaune nesa da Kankara, Faskari da Sabuwa ba zai gane matsayin kare a can ba sai an tuna masa. A daren 11 ga Disamba na 2020 ne 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Kankara, sai bayan kwana shida aka sako su. A watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da waɗannan uku. A kwanakin nan ba mai iya kiran ɗan'uwansa ya ce ga su nan tafe. Abin da ya rage wa ƙauye shi ne kunnen kare. A cikin wannan lokaci ne wata rana da tsakar dare Bar-su ya ɓarke da haushi irin wanda ba su taɓa ji ba. Uwar ta saɓi ƙaramar, uban ya ja hannun yaron, suka faɗa cikin dawa, gama ta riga ta yi tsawo. Suna kwance a kunya suka ji harbi ɗaya kusa da gida, haushin ya tsaya. Da gari ya waye ba wanda ya tsaya binne kare. Abin da hannu ya iya ɗauka aka ɗauka.

To, na fahimci uban, ban kuwa ga laifinsa ƙwarai ba. Mutum ya fi dabba daraja, cikin siffar Allah aka yi shi. A bakinmu kuma kare abin zagi ne. Amma a ganina ya yi kuskure wuri ɗaya. Ya ɗauka hawayen da aka zubar domin kare an rage su ne daga rabon mutane, kamar hatsi a mudu. Tausayi ba haka yake ba. Yaron da aka koya wa ya haɗiye kukansa yau, gobe in an ce maƙwabci ya rasu haka zai haɗiye.

Akwai wani abu kuma. Yaro mai shekara tara ba shi da bakin da zai ce ya rasa garinsu, da abokan wasansa, da barci mai daɗi. Waɗannan sun fi ƙarfin harshensa. Sunan Bar-su kaɗai yake iya kira, sai ya ɗora masa dukan sauran. Da na zauna da shi a kan tabarma ban tambaye shi kome ba sai labarin karen. Kafin a jima yana ba ni labarin rijiyarsu, da malaminsu na makarantar Lahadi, da wani abokinsa da bai san inda suka nufa ba. Ashe ƙauyen duka yake kuka.

Littafi Mai Tsarki bai raina irin wannan ƙauna ba. Ku duba 2 Sama'ila sura 12. Sa'ad da annabi Natan ya so ya huda zuciyar sarki Dawuda, labarin matalauci ya kawo, mai 'yar tunkiya ɗaya tak wadda ta girma tare da 'ya'yansa, tana ci daga abincinsa. Dawuda bai yi dariya ba, fushi ya yi. Littafin Yunusa kuwa da ambaton dabbobin Nineba ya ƙare, Allah da kansa ya lasafta su cikin waɗanda ya ji tausayinsu. A Luka 16, mai arziki ya bar Li'azaru a ƙofa, karnuka ne suka kula da miyakunsa. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da labarin karen Ashabul Kahfi wanda ya kwanta a bakin kogo.

Yaron ya yi mini tambayar da na san za ta zo: "Baba, Bar-su yana sama?" A nan iyaye da yawa sukan yi gaggawa. Wani ya ce i domin a huta, wani ya daka tsawa ya ce dabba ba ta da rabo. Littafi bai ba mu alkawari a kan wannan ba, don haka kada mu sa wa Allah magana a baki. Abin da ya faɗa a fili shi na ba yaron, watau Matiyu 10:29, cewa ko ɗan tsuntsu ba ya fāɗuwa ƙasa ba da sanin Uba ba. Na ce masa, daren nan da kuke kwance a dawa, Allah ya ga karenka, shi ne kuma ya ba shi kunnen da ya ji.

Uwar ta so ta samo masa wani kwikwiyo nan da nan. Na ce ta dakata sai shi ya nema. In kuwa an kawo, a kai shi wurin malaman dabbobi a yi masa allurar haukan kare, ana yin ta a nan ƙasarmu, a Vom. Wanda kare ya ciza kuma, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa minti 15, a garzaya asibiti a ranar. Ciwon nan in ya nuna a jiki ba ya jin magani.

Kafin in tashi na roƙi maigidan abu guda, ya faɗa wa ɗansa da bakinsa abin da karen ya yi musu. Ya yi shiru har na zaci ya ƙi. Can sai ya kira yaron, ya ce, "Ba don Bar-su ba, da yau ba mu nan." Muryarsa ta sarƙe, bai ƙara ba.

Ashe yaron ya zo da igiyar wuyan karen a aljihu tun daga Faskari, ba wanda ya sani. Uban ya ɗauko fartanya, suka haƙa ɗan rami a bayan ɗaki suka sa ta. Muka yi addu'ar godiya domin rayukan da aka tsirar, muka roƙa wa waɗanda suka rage a ƙauye kariya. Da aka kawo tuwo, yaron ya wanke hannu ya zauna kusa da ubansa.